Ɗan Zamfara Zai Yi Aure a Maijirgi

A tashar Tasawa, Sakina na zaune bisa buhun shinkafa tana jiran mota, sai wani dattijo ya ji maganarta.

"Baiwar Allah, harshenki na Zamfara ne. Gida za ki koma?"

"Gida za ni, Baba, amma Maijirgi; can muka zauna tun da 'yan bindiga suka koro mu daga Zamfara. Ɗana ke aure."

"Ɗiyar gari aka ba shi? Mu a ƙauyenmu ko hili ba mu ba waɗanda 'yan bindiga suka koro."

"Mu ma da fari an guje mu. Yau ɗan nawa ke gyara famfon gari."

"Uban yarinyar bai ce komi ba?"

Sakina ta yi dariya. "Ya ce shi ɗa ya samu, ba suruki ba. Ku zo ku ci tuwon biki!"