An Toshe Saƙonmu Saboda Maƙaryatan Yunwa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza, sakatariyar ƙungiyar matan Guna. Na rubuto ne raina a ɓace.

Bana damina ta ƙi, rumbuna sun ƙare tun kafin sanyi. Wani furoje, wato shirin agaji, ya ce mu aiko da buƙatarmu ta imel, a zuba mana hatsi a bankin cimaka. Na hau mota zuwa Damagaram, na shiga wani sibar, wato shagon intanet, na aika. Saƙon ya dawo. Na sake duba adireshi, babu kuskure, na ƙara aikawa, ya ƙara dawowa.

Na kira mai wurin. Ya leƙa ordinatar, wato kwamfuta, ya ce, "Hajiya, ba laifinki ba ne. Lambar da intanet ke gane sibar ɗinmu da ita, wato IP, ita aka toshe a can waje."

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce wai wasu ƙarti ne ke yini a nan suna watsa wa Turawa saƙonnin ƙarya, cewa su marayun fari ne, a taimaka. Kuma yana gani, bai hana su ba!

Kafin in sami wani sibar, furoje ya rufe karɓa. Tir da wannan hali! Ƙoshi ya yi bara da sunan yunwa, mai yunwar gaske ya koma gida hannu wofi.

Masu sauraro, ku ba mu shawara: ina ake zuwa a buɗe lambar nan? Ina gaida matan Guna, Allah Ya ba mu haƙuri.