Na Yi Rawar Godiya, Na Daina Zuwa Asibiti

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Sunana Ayuba, ɗaya daga cikin dattawan wannan ikilisiya. Manomin doya ne ni, gonata tana wajen Ashige, gidana yana nan garin Lafiya. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ku karɓi wannan shaida yadda ta zo.

Da ana iya janye magana bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan janye. Ita ce wadda na faɗa a gaban bagade ranar godiyata: "Ni da asibiti mun rabu har abada!" Da yawanku kuna wurin. Kun tafa, matan zumunta suka yi guɗa. Wannan magana ta kusa kai ni kabari, kuma ba wanda ya sa ni faɗinta.

Kafin in tuba, na sha burukutu ba kaɗan ba. Ranar kasuwar Agyaragu, idan na sayar da doya, sai an nemo ni a gidan giya. Tun ina saurayi idona ya taɓa yin rawaya, aka ce shawara ce, aka dafa mini saiwoyi, ta lafa. Bayan shekaru na je ba ƙanina jini a asibiti, suka ƙi karɓa. Suka ce akwai cutar hanta a jinina, wadda suke kira hepatitis B. Dariya na yi. Na ce mutumin da yake huɗar doya tun safe har rana ta take, wane ciwo ne a jikinsa?

Yesu ya raba ni da giya, amma cutar tana nan tana aikinta a ɓoye.

Wata damina na fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Matata Saratu, wadda kuka sani da Maman Iliya, ta dame ni har na yarda aka yi mini hoton ciki. Aka ga ƙari a hanta. Aka tura mu wani babban asibitin koyarwa mai nisa, can suka tabbatar cewa ciwon daji ne. Na zauna a kan benci. Amma likitan ya ce ƙarin guda ɗaya ne, ƙarami, kuma a gefe yake, ana iya yanke shi. Ya ce yawancin masu irin wannan ciwo sai ciki ya kumbura suke zuwa, lokacin wuƙa ba ta da amfani.

Kun yi azumi domina, kun tsaya mana. Aka yi aikin, na farka! Ubangiji ya riƙe hannun masu yanka.

Ranar da za a sallame ni, likitan ya jawo kujera ya zauna kusa da gadona.

"Baba, mun cire ƙarin duka," in ji shi. "Hanta kuwa tana tofowa, za ta cike inda muka yanke. Amma ka ji ni da kyau. Ƙwayar cutar da ta haifar da ƙarin tana nan a jininka. Ciyawa muka cire, gonar tana nan. Ƙarin yana iya sake tsirowa, musamman a shekarun farko. Ka sha wannan magani kullum, kada ka tsaya. Bayan 'yan watanni ka dawo mu yi hoto mu gwada jini, haka za mu riƙa yi. In ya dawo muka gan shi yana ƙarami, muna da abin yi."

Na ce to. Maman Iliya ta ce, "Likita, ka sake faɗa masa, kunnensa ɗaya ne yake aiki idan ana maganar magani."

Kun san yadda muke godiya a nan. Iyali su yi anko, a ɗauko doya da akuya, a taho da rawa tun daga ƙofa har gaban bagade. Na yi rawa ranar kamar ba a taɓa tsaga cikina ba. Da aka miƙo mini makirfo, daɗi ya kwashe ni, na yi waccan magana.

Lokacin komawa asibiti ya yi. Na shirya, na hau okada zuwa tasha. Ina sauka sai ga wani ɗan'uwa daga ƙungiyar mawaƙa.

"A'a, Baba Dattijo! Ina zuwa da jaka haka? Ba dai asibiti ba? Ai mun ci shinkafar godiya!"

Wasa yake yi, Allah ya sani. Amma ni sai na ji kamar an kama ni da sata. Na ce masa gaisuwar mutuwa zan je. Da ya wuce, na hau wani okada na koma gida. Na ce a raina, mutumin da ya yi rawa a gaban ikilisiya ya ce ya warke, in aka gan shi a layin asibiti, ai ya ƙaryata Allah. Da maganin ya ƙare ban sake saya ba. Na kira wannan bangaskiya.

Watanni suka wuce. Abinci ya daina yi mini daɗi, fitsarina ya koma kamar shayi. Wata safiya na duba madubi na ga idona ya yi rawaya. Maimakon in nufi asibiti, sai na nufi kasuwa na sayi baƙin tabarau.

Da shi nake zuwa sujada. Abokina Dattijo Bulus ya dube ni a bencin dattawa ya ce, "Ayuba, yaushe gwamnati ta ɗauke ka aikin leƙen asiri?" Na ce hasken rana ne yake damuna. Ya ce, "A cikin majami'a?"

Maman Iliya ba ta yi dariya ba. Da muka koma gida ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Iliya, wa kake ɓoye wa? Ni da nake wanke maka kaya, ko Allah da ya yi idon?"

Na ce, "Na riga na yi shaida."

"To in ka mutu, ni zan tsaya in yi musu bayanin shaidar? Ni na kwana a kan tabarma a ƙarƙashin gadonka a asibiti. Ban kai ka can don ka dawo ka mutu saboda kunyar mawaƙan ikilisiya ba."

Na yi mata tsawa. Ina neman gafararta a gabanku.

Washegari na tafi gona. Na ɗaga garma, hannuna ya kasa. Na durƙusa a tsakanin tulin doya, na ce, "Ya Yesu, ka warkar da ni kamar yadda na faɗa wa mutane." Ina cikin addu'ar sai na gane abin da nake roƙo. Ba raina nake roƙo ba, sunana nake so a rufa wa asiri. Na yi kuka kamar yaro. Na ce, "Ubangiji, ka gafarta mini girman kai. Kai ka ba ni likita, ni na ƙi shi."

Ranar Lahadi na roƙi Fasto ya ba ni dama. Na tsaya inda na yi rawa, na cire tabarau, na ce ku dubi idona. Ba wanda ya yi guɗa ranar. Fasto ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, gobe da motar ikilisiya za ka tafi."

Likitan ya yi fushi, kuma yana da gaskiya. Ya ce tsayar da maganin ne ya sa cutar ta taso ta kumbura hantar, da na ƙara jinkiri da ba mu yi wannan hira ba. Aka kwantar da ni aka shafa mini mai a ciki domin hoto. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Babu sabon ƙari."

Haleluya! Maman Iliya ta zube a ƙasa tana yabo a gaban nas-nas.

Yau shekaru sun shuɗe. Ina shan maganina kullum, ina zuwa hoto duk lokacin da aka sa mini, kuma da rana tsaka nake shiga tasha. An gwada iyalina, waɗanda ba su da cutar an yi musu allurar rigakafi. Likita bai yi mini alkawari ba. Har yanzu yana cewa ƙarin yana iya dawowa, ni kuma ba na jin tsoro. Na aurar da Iliya, na goya jikata, bana ma da hannuna na haƙa doya. In ya dawo, zai same mu muna tsaro, ni da likita da Yesu.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni daga ciwon daji, ya kuma cece ni daga bakina. Ku dogara gare shi, shi mai aminci ne. Roƙona ɗaya ne. Duk wanda aka yi wa aiki a cikinku, ya zo ya yi godiya, za mu taya shi rawa. Amma ran da likita ya ce ka dawo, ka koma. Kada ku yi abin da na yi.

Sunan Yesu ya sami ɗaukaka. Amin.