Kilomita Biyu a Jikin Kwali

Jama'ata, barkanku! Yau ma kunnen nan nawa ya kwaso muku labari, a wani shagon kayan lantarki a Gyadi-Gyadi.

Wani tela ya dire 'yar na'urar ƙararrawa mara waya gaban mai shago.

"Malam, kwalin ya ce kilomita biyu take kaiwa. Na haɗa wa Innata madanni a Tarauni, in ciwonta ya tashi ta danna, ƙararrawa ta buga a shagona. Ko layinmu ba ta wuce ba."

"A fili suka gwada ta, Alhaji. Ba katanga, ba rufin kwano."

"Jiya Inna ta yi ta dannawa, ni ina can ina ɗinki, ban ji komai ba."

"To, sai dai ka rushe gidajen da ke tsakani."

Telan bai yi dariya ba. "Na gaji. Keken ɗinkin zan mayar gida, kusa da Inna."

Ku fa, da ya za ku yi?