Ranar da Yoila Ya Kama Hanya

A wata tashar mota a Maiduguri, Manasse ya tsaya yana kallon motar da ta fita da ɗansa Yoila. Wani dattijo da ke zaune a benci ya tanka masa.

"Bawan Allah, makaranta yaron zai koma?"

"A'a, Baba. Agadas zai bi, ya shiga Libiya."

"Shi kaɗai? Shekarunsa nawa?"

"Sha biyar."

"Subhanallahi! Anya kai ka haife shi? Sahara ta cinye manya, balle wannan."

"Na sani, Baba. Amma a ƙauyenmu, in mutanen daji suka shigo, cewa suke kowane yaro ya ɗaga hannu. Wanda suka ga gashi a hammatarsa, ko ya bi su ko su kashe shi. Wata shida ina aske masa da reza duk Asabar. Yanzu muryarsa ta buɗe. Ita da me zan aske ta?"

"Duk da haka, ɗa a gaban ubansa yake zama. Ni da Mikail ɗina ya ce zai tafi, takalmansa na ɓoye."

"Ya ji maganarka?"

"Ya ji. Yaro ne mai biyayya."

"Yana ina yanzu?"



"Tare mutanen dajin suka same mu a gona. Ni suka ce na tsufa, in koma gida." Dattijon ya share fuska da hannun riga. "Ka dai sa masa rigar sanyi ko? An ce hanyar akwai sanyi."