Sarewar da Ba a Ji

Ina shagon sarewa a Utrecht, na kawo tawa gyara ko da yake laifin yatsuna ne, ba nata ba, sai na ji wata mata ta tare wani dattijo.

"Baba, kana sabon shiga za ka ɗauki wannan ƙatuwar? Fara da ƙaramar roba."

"Ƙaramar tsiwa gare ta, 'yar nan. Wadda za ta ɓoye kuskurena nake so."

"To me ya kai ka ƙungiyar kiɗan da?"

"Ran Talata suke haɗuwa. Tun rasuwar matata Femke, Talata ta fi kowace rana tsawo."

Ta dubi ƙatuwar sarewar.

"Irinta nake busawa. A cikin ƙungiya ba a jin ta, gaskiya. Amma ranar da ba ka zo ba, kowa zai sani."

"Mai shago, naɗe min ita."