Abin da Ke Cikin Tumbi

A kasuwar Djamboutou, gaban mai sayar da ganye, wani dattijo ya ƙi karɓar leda, ya miƙa ƙwaryarsa. Matar da ke gefensa ta yi dariya.

"Baba, ledar ma tsoronta kake?"

"Ke dai ki koma kan zogale da yakuwa, 'yata."

"Yarana ba sa cin tuwo sai da nama."

"Saniyar jiya, da aka farke tumbinta, leda ce cunkus. Naman kuwa an sayar tas."

Dariyarta ta ɗauke. "A wane littafi ka karanto wannan?"

"Wane littafi? Da hannuna na farke ta."

Ta dubi ƙunshin naman da ke hannunta. "Baba, ina teburin da kake sayar da nama yake?"

Dattijon ya kau da kai, ya ce wa mai ganye ta ƙara masa yakuwa.