Takalman Baba Rustem a Ƙofar Titi

NURTEN: Alo? Anne? Alo!

DALISAY: Alo, Abla Nurten, yayata. Ni ce, Dalisay.

NURTEN: Au, Dali! 'Yar Filifin ɗin da ta sauka a gidanmu! Yanzu ke ce mai ɗaukar wa Anne, mahaifiyata, waya? Ina wuni?

DALISAY: Lafiya lau, Abla. Ya garin Bursa? Ya yara?

NURTEN: Suna nan suna cinye ni da rai. Ku fa, ruwan saman garin Rize bai kwashe ku zuwa teku ba?

DALISAY: Yau dai rana ta ɗan leƙo da safe. Ya maigidan?

NURTEN: Yana gaishe ki. Ya masana'antar shayin? Har yanzu koyo ake, ko sun ba ki kujerar manaja?

DALISAY: Ina sashen busar da ganye. Yau babu aiki.

NURTEN: Ƙanena Tayfun fa? Yana nan yana kai ki a babur, wai hanyarsa ce? Yaron da wurin aikinsa yake gabas, naki yake yamma!

DALISAY: Abla...

NURTEN: To, na yi shiru. Kina cin abinci dai ko? Anne ta ce har kin fi ta iya miyar kabeji, sai dai komai sai kin haɗa shi da shinkafa.

DALISAY: Ina ci.

NURTEN: Yau muryarki kamar ba taki ba. Wace hayaniya nake ji a bayanki? Baƙi kuka yi?

DALISAY: Maƙwabta ne. Inna Shaziye ta shigo, tana kicin tana soya gari da man shanu.

NURTEN: Tana suyar me? Layin nan yana ƙara.

DALISAY: Gari. Da man shanu.

NURTEN: Gari da man shanu? Alewar mamaci ke nan fa! Dali, wa ya rasu?

DALISAY: Babu kowa! Babu wanda ya rasu. Ina jin dai babu.

NURTEN: Kina jin? Wane irin kina jin? Ba ni Anne!

DALISAY: Ta kulle kanta a ɗaki. Wayar ma a kan tebur ta bar ta. Abla, laifina ne. Takalman Baba Rustem ne.

NURTEN: Waɗanne takalma?

DALISAY: Baƙaƙen nan na fata. Jiya ya sa su zuwa ɗaurin aure, ya dawo duk taɓo. Da safe na ga Anne tana fama da ciwon gwiwa, na ce bari in hutar da ita. Na wanke, na goge har suna ƙyalli. Barandar sama kuwa duk shanya ce, babu rana. Sai na sauka da su ƙasa.

NURTEN: Ƙasa ina?

DALISAY: Ƙofar titi. A kan matakalar nan ta waje, nan ne kaɗai rana take.

NURTEN: Kin jera takalman mahaifina a ƙofar titi?

DALISAY: Kusa da juna, bakinsu yana kallon hanya.

NURTEN: Innalillahi! Dali, takalmin mamaci kaɗai ake ajiyewa a nan! Ranar da mutum ya rasu ake fitar da su, mabuƙaci ya ɗauka.

DALISAY: Yanzu na sani. Ban sani ba a lokacin, wallahi, kamar yadda kuke cewa. Kun koya mini kada in shiga da takalmi, kada in bar silifa a kife, in sumbaci hannun babba in kai goshina. Wannan kam babu wanda ya taɓa gaya mini.

NURTEN: Wa zai yi tunanin gaya miki? To sai me ya faru?

DALISAY: Na hau sama ina guga. Sai na ji kuka daga titi. Inna Shaziye ce ta fara gani, ta ɗora hannu a ka. Kafin in sauko mata sun cika matakala. Wannan ta rungume Anne, waccan ta ce Allah ya ba ki haƙuri. Anne tana riƙe da butar shayi, ba ta san me ake ciki ba. Har liman ya turo a tambaya ko bayan la'asar za a yi jana'iza.

NURTEN: Kai, Shaziye! Rediyon unguwa! To ai da sauƙi, Baba ya leƙo ta taga ya daka musu tsawa, kowa ya kama gabansa.

DALISAY: Baba ba ya nan.

NURTEN: Yana ina? Gidan shayi?

DALISAY: Tun asuba ya hau dutse duba amyoyin zumarsa.

NURTEN: Shi kaɗai? Da wannan zuciyar tasa? Ku kira shi mana!

DALISAY: Mun kira har mun gaji. Ba ta shiga.

NURTEN: Ai can sama dama babu layi.

DALISAY: Haka na ce wa Anne. Sai wani direban motar ƙauye ya ce ruwan jiya ya zaftare ƙasa a hanyar sama, wajen gada. Kuma hazo ya sauko. Hasken ranar da na bi da takalman ma ya ɓace, Abla, ko dutsen ba a gani yanzu.

NURTEN: Alo? Dali? Na daina jin ki.

DALISAY: Ina nan. Na matso taga.

NURTEN: Tayfun fa?

DALISAY: Ya ɗauki babur ya bi Baba. Ko rigar ruwa bai ɗauka ba, na bi shi da ita har ƙofa, bai waiwayo ba. Bai taɓa fita bai waiwayo ba.

NURTEN: Tsoro ne, ba fushi ba. Ki saurare ni. Sauka yanzu ki kwaso takalman nan ki shigo da su.

DALISAY: Babu su.

NURTEN: Kamar yaya babu su?

DALISAY: Kafin in sauko an ɗauke. An ce Durmush ne, mai tattara tsofaffin ƙarafa. Wai har ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a kafin ya sa.

NURTEN: Ya Allah. Kin san waɗanne takalma ne? Da su ya je neman auren Anne. Shekara da shekaru ba ta bar kowa ya goge su ba sai ita. Ni kaina ban taɓa ba.

DALISAY: Ta gaya mini. Ba da faɗa ba, da ma faɗa ta yi. Ta dube ni ta ce, "Baƙuwa, kin fitar mini da miji daga gida." Baƙuwa, Abla. Tun ranar da na sauka da jakata take ce mini 'yata.

NURTEN: Bakinta ne kawai. Idan ya dawo za ta manta.

DALISAY: Idan bai dawo ba fa?

NURTEN: Ciji harshenki! Kada ki sake faɗa!

DALISAY: Yi haƙuri. A garinmu ba takalmi ba ne. Kakata takan ce baƙin malam-buɗe-littafi ne yake kawo irin wannan labarin. Jiya ɗaya ya shigo kicin, ya sauka a kan hular Baba. Na kore shi da tsumma, ban gaya wa kowa ba.

NURTEN: Dali, don Allah! Camfinmu bai ishe mu ba sai kin ƙaro na Filifin? Je ki ce wa Shaziye ta sauke tukunyar nan. Mutum da ransa ana soya masa alewa!

DALISAY: Na faɗa mata. Ta ce wanda ya fara ba ya saukewa, in ya dawo a ci ta murna. Ƙamshin ya cika gidan, har cikin ɗakina. Ga wasu can sun buɗe Alƙur'ani a falo. Ni kuma na rasa inda zan tsaya, sai na riƙe carbina a aljihu ina addu'armu ta coci a zuci.

NURTEN: Yi, kowace iri ce yi. Bari in nemi motar da za ta... Mene ne wannan?

DALISAY: Mota ce ta tsaya a ƙasa. Tsaya in goge gilashin. Ta ƙauye ce, ta biyo ta tsohuwar hanya.

NURTEN: Wa ya fito? Yi magana mana!

DALISAY: Wata mata da kwando. Wani yaro... a'a, soja ne. Sai... Susmaryosep, ya Ubangijina! Abla, shi ne! Baba ne! Da takalman robarsa, da gwangwanin zuma a hannu!

NURTEN: Alhamdulillah! Alhamdulillah! Kira Anne! Buga mata ƙofa!

DALISAY: Anne! Anne, ya dawo! Baba ya dawo! Ta buɗe, Abla, ta fita ko silifa babu.

NURTEN: Kin gani? Ba na gaya miki ba? Yau sai na ci mutuncin tsohon nan. Kai masa wayar.

DALISAY: Bari ya hau. Matan ƙofa sun dare, wata ta saki ihu. Yana dariya, yana tambayar ko bikin wa ake yi babu gayyata.

NURTEN: Halinsa ke nan!

DALISAY: Ya daina dariyar.

NURTEN: Me ya faru?

DALISAY: Durmush ne. Ashe yana bakin ƙofa yana jiran rabon alewa. Baba yana kallon ƙafarsa.

NURTEN: Ya gane su?

DALISAY: Ya gane. Ya ɗaga kai yana shinshina iska. Ya ji ƙamshin, Abla. Durmush ya sunkuya zai cire, Baba ya ɗaga masa hannu wai ya bari.

NURTEN: Ki leƙa ki gaya masa kuskure ne! Ki ce ke ce, shanya kika yi!

DALISAY: Tagar ta ƙi buɗuwa. Ya ajiye zumar. Ya zauna.

NURTEN: A ina?

DALISAY: A kan matakalar. Daidai inda na jera su.

NURTEN: Ya tashi daga nan! Dali, fuskarsa yaya take?

DALISAY: Ta yi fari. Yana murza hannunsa na hagu. Anne ta iso, ta riƙe kansa tana ce masa Rustem, Rustem.

NURTEN: Maganinsa! Ƙaramar kwalbar nan, na ƙarƙashin harshe! Tana aljihun rigar da ya sa jiya!

DALISAY: Rigar ɗaurin auren? Na goge ta, na cire kwalbar, na ajiye... ga ta, ga ta a kan firiji! Ina sauka. Ku ba ni hanya! Inna, matsa!

NURTEN: Ki ce wani ya kira motar asibiti! Kina ji na? Alo!

DALISAY: Ina ji, wayar ce take kukan caji. Na iso. Anne, ga shi, ɗaga masa harshe. Baba, ni ce, ni na fitar da su, rana na bi... Abla, yana kallona. Wai in kwantar da hankalina, 'yata. Yana cire takalman robar, wai sun matse shi.

NURTEN: Bar shi ya cire, ya sha iska.

DALISAY: Ya cire. Ya jera su, Abla. Kusa da juna, a kan matakalar. Bakinsu yana kallon hanya.

NURTEN: Ɗauke su! Dali, ɗauke su ki shiga da su ciki!

DALISAY: Na ɗauka, suna ƙirjina, ba zan saki ba. Baba, buɗe ido. Baba, dube ni, ga su nan na...

NURTEN: Alo? Dali? Dalisay! Alo!